Mugu a labarin yaƙi da tsafi: sau nawa ya kamata ya fito?

Ka ce kana rubuta labarin yaƙi da tsafi mai babi 40, mugun ciki sarkin matsafa ne da ya danne ƙasashe, amma ba a ga idonsa ba sai a babi na 31. Abokinka ɗaya ya karanta ya ce ka ɓoye shi da yawa har ya manta da shi, ɗayan kuma ya ce ai gara ma ka ƙara ɓoye shi sai babin ƙarshe. Kana so ka san nawa ne daidai.

To ƙanena, babu wani adadi. Duk wanda ya ce maka dole bos ya fito sau biyar ko ya ci kashi kaza na littafi, daga aljihunsa ya zaro. Ni in aka kawo min rubutu irin wannan in duba ba na ƙirga sau nawa mugu ya fito, abinda nake dubawa shi ne babi nawa zan iya wucewa a jere ban ga ɓarnarsa a jikin wani ba. Fuskarsa za ka iya riƙe ta har kusa da ƙarshe in kana so, amma aikin nasa ba a ba shi hutu. Kuma maganar abokinka na farko ita ya kamata ta hana ka barci, musamman wurin da ya ce ya manta da shi. Mai karatu in har ya manta da mugu to cire shi ka yi daga labarin ba ka sani ba.

Duba labarin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda kowannenmu ya tashi da shi. Macijin nan da ake ce wa Sarki sau nawa muka gan shi a labarin? Sau ɗaya, kuma a daren da aka sare masa kai ne. Amma kafin nan fa? Baƙo ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya roƙi ruwa, ta ce babu, a garin nan ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Shikenan, an gama gabatar da mugu. Gari guda da sarauniyarsa da mayaƙansa sun tsara makonsu a kan dokar wata halitta da ke ƙasan rijiya, kwana shida suna lallaɓa ɗan abinda ke cikin randa. Ba a ce mana idonsa ja ne ba, ba a ce ya yi tsawa ƙasa ta girgiza ba, tsohuwa ce kawai ta kasa ba baƙonta ruwa, kuma duk Bahaushe ya san girman wannan abin kunya. Lokacin da Bayajidda ya zura guga, mun riga mun san nauyin abinda zai fito.

Irin wannan nake nema a babi 30 ɗinka na farko. Kamar mutumin da kake riƙe da bashinsa ne, ba kullum yake zuwa ƙofar gidanka ba, amma ka daina bin layin shagonsa, in wayarka ta yi ƙara sai gabanka ya faɗi. Mutanen labarinka ya kamata a gan su suna canza hanya saboda wanda ba ya wurin.

Bari in nuna maka a aikace. A ce sarkin naka yana kwashe yara maza in sun kai shekara bakwai. Hanyar da yawanci ake bi ita ce a buɗe babi da cewa shi azzalumi ne wanda duniya ba ta taɓa ganin irinsa ba, yana kwashe yara yana shayar da gunkinsa jininsu, kowa na tsoronsa. An faɗa, mai karatu ya ji, bai ji komai a jikinsa ba. To gwada haka: jaruminka ya shiga wani ƙauye da la'asar yana neman inda zai shayar da dokinsa, ya lura duk yaran da ke wasa a ƙofar gida mata ne, kowace da kitso da ɗan zane. Ya kira ɗaya ya ce yarinya ya sunanki, bakinta ya suɓuce ta ce Audu. Kafin ya rufe baki uwar ta fito a guje ta toshe bakin yaron da tafin hannu, ta durƙusa tana cewa wasa take yi ranka ya daɗe, sunanta Ladi, wallahi sunanta Ladi. Ba ka ambaci sarki ba ko sau ɗaya, amma yana tsaye a tsakiyar wannan shafin. Mai karatu ba zai manta da shi ba ko da sai babi na 35 zai fito.

Sai dai akwai gyara, don masu cewa a ɓoye bos har ƙarshe kullum misalinsu ɗaya ne, littafin Tolkien, The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955. Gaskiya ne, Sauron, babban mugun labarin, bai taɓa tsayawa gaba da gaba da jaruman labarin ba, duk da sunan littafin ma shi ake nufi da shi. Amma abinda suke mantawa shi ne Tolkien bai bar wurin fanko ba. Akwai mahaya tara masu baƙaƙen kaya da suka biyo sawu tun daga farkon tafiya, akwai Saruman wanda ake zaune da shi a matsayin babba ya ci amana, akwai Gollum, wata halitta mai kwaɗayin zoben Sauron, da ke kwana yana tashi tare da su, ga uwa uba zoben kansa da ke rataye a wuyan jarumi yana cin zuciyarsa kullum. Wato an ɗauki aikin mugu an raba wa masu fuska da baki, waɗanda za a iya gardama da su, a ji haushinsu, wani lokaci ma a tausaya musu. In za ka ajiye sarkinka a can ƙuryar duniya to dole ka ba mu wakilinsa na kusa, mutum ɗaya mai suna da hali wanda zai riƙa dawowa. Ba dakaru dubu marasa suna da jarumi ke sarewa kamar yana yankan ciyawa ba, waɗannan ba sa tsorata kowa, cika shafi kawai suke yi. Ina nufin mutum kamar sarkin yaƙinsa, ko mai karɓar masa haraji, ko wata tsohuwa da ke kai masa rahoto daga cikin gidan su jarumi.

Haka ma a Harry Potter, littafi bakwai ne, amma Voldemort, mugun ciki, bai dawo da cikakken jikinsa ba sai ƙarshen na huɗu, a na uku ma bai fito ba kwata-kwata. Me ya riƙe wurin? Mutane na tsoron ambaton sunansa, ga tabo a goshin yaron nan Harry, ga maraicin da ya jawo masa. Sannan a littafi na biyar aka kawo wata malama, Umbridge, mai murmushi da ƙaramar murya, kuma ka tambayi waɗanda suka karanta za ka samu da yawa sun fi jin haushinta a kan babban bos ɗin, don ita a aji take tare da yaran tana ba su horo, shi kuwa yana can nesa.

Wannan ya kawo mu ga abinda ya kamata ka fara tambayar kanka tun kafin maganar adadi: mugun naka na nesa ne ko na cikin gida? Don ba awo ɗaya ake musu ba. Na nesa ƙarfinsa a rashin ganinsa yake, duk fitowar da ya yi yana rage masa kwarjini kaɗan. Na cikin gida kuwa akasin haka ne, ƙarfinsa a yawan ganinsa yake, muna kallonsa yana gaisuwa yana fadanci alhali mun san abinda ke ransa. Wazirin da ke cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam irin wannan ne. Tun da wuri an nuna mana ya haɗa baki da Sarkin Sinari, mun san in Musa ɗan sarki ya fita daga gida ya shiga hannu, shi Musa bai sani ba. Saboda haka duk labarin da aku ya ɗauko don ya riƙe yaron har gari ya waye, muna jin daɗin labarin amma a ƙasan ranmu muna cewa Allah Ya sa kar ya fita. Da an ɓoye mana Waziri sai ƙarshe, da labaran aku sun zama hira kawai. Ka ga a nan bayyana mugu da wuri shi ne ya ɗaure littafin.

Kuma abin mamaki marubutanmu na littattafan soyayya sun fi masu labarin yaƙi iya wannan nesa ba kusa ba. Kishiya ko uwar miji ko ƙanwar uba da ke cikin labarinsu tana kowane shafi, madafi ɗaya suke shiga da jaruma, kuma ba a gajiya da ita don kullum da sabon salon da za ta ɓullo da shi. Amma da zarar mutum ya ce zai rubuta na tsafi sai ya ajiye duk wannan basirar, ya ɗauko wani ƙato ya zaunar a kogo.

Kogon nan kuwa bari in tsaya a kansa, don shi ne ciwon da na fi gani. Marubuci ya ji an ce mugunsa ba ya fitowa, sai ya riƙa yanko babi duk bayan babi uku: a can cikin kogon dutse, boka na zaune a kan karagar ƙoƙon kawunan mutane, ya dubi madubin tsafinsa ya ga jarumi na tahowa, ya bushe da dariyar mugunta, ya kashe hadimi ɗaya don ya kawo masa mummunan labari, ya ce a tura aljani wane. Aljani wane ya je jarumi ya kashe shi. Bayan babi uku mu koma kogo, dariya, hadimi, wani aljanin. Ƙanena wannan ba fitowa ba ce, zaman kashe wando ne mugu yake yi a gaban mai karatu. Kuma lissafin da mai karatu ke yi a ransa mai sauƙi ne: mutumin nan sau shida yana turo abu ana kashewa, to me zai tsorata ni ranar da ya zo da kansa? Ka ƙara masa shafuka ka rage masa daraja. Sannan madubin da ke nuna komai shi ma matsala ne, in yana ganin jarumi a kowane lokaci me ya hana shi gamawa da shi tun yana barci a babi na biyu? Dole ka sa wa tsafin iyaka, ko madubin ba ya gani da rana, ko duk dubawa sai ya biya da wani abu mai tsada a wurinsa.

Mugun da ake kayarwa kullum yana da wurinsa, amma a labarin raha. Malam Zurƙe na cikin Ruwan Bagaja yana ta fitowa suna ta yi wa juna ƙeta da Alhaji Imam, yau wannan ya yi nasara gobe wancan, kuma muna son ganinsa don dariya muke nema. In tsoro kake son a ji, ba wannan hanyar za ka bi ba.

Ƙa'idar da nake ba masu kawo min rubutu ita ce, duk ranar da babban mugu ya fito da kansa to jarumi ya yi asarar abinda ba zai dawo ba. Ko mutum, ko wani sirri, ko hannu, ko yardar da mutanensa suka ba shi. In ka rubuta fitowarsa ka duba ka ga bayan ya tafi komai na nan yanda yake, goge babin, bai yi aikin komai ba. Da wannan ƙa'idar za ka ga adadin ya daidaita kansa, don ba za ka iya yi wa jarumi irin wannan asarar sau goma sha biyar ba, labarin ba zai ɗauka ba. A littafi mai tsawon naka za ka ga abin ya tsaya a uku ko huɗu, amma wannan sakamako ne, ba doka ba.

Kuma in ya fito don Allah kar ya zo yana ihu. Mai iko na gaske ba ya ɗaga murya, wasu ke ɗagawa a madadinsa. Ka sa ya karɓi jarumi da mutunci, ya sa a kawo masa ruwa, ya tambaye shi ya jikin mahaifiyarsa, ya ambaci sunanta da sunan unguwar da aka ɓoye ta. Jarumi ya riƙe ƙoƙon ruwan ya kasa kaiwa baki. Wannan ya fi tsawa ɗari. Bayan babi 30 ana jin labarinsa mai karatu ya riga ya zana dodo a ransa, ba za ka iya zana wanda ya fi nasa muni ba, to ba shi abinda bai zata ba.

Sai maganar shiga cikin kansa, wato ka rubuta babi daga ɓangarensa muna jin tunaninsa. Nan ciniki ne, kana sayen fahimta kana biya da tsoro. Duk wanda muka zauna a cikin ransa muka ji dalilinsa, mun fara yi masa uzuri ko ba ma so. George Martin ya nuna wannan ƙarara a jerin littattafansa na A Song of Ice and Fire: wani mayaƙi mai suna Jaime a littafin farko na 1996 shi ne ya turo ƙaramin yaro daga tagar bene, kowa ya tsane shi, amma da aka fara ba shi nasa babin a littafi na uku a shekarar 2000 sai ga masu karatu suna tausaya masa. Shi da gangan ya yi. Kai ma in abinda kake so kenan, bismillah, amma in so kake sarkinka ya zauna a matsayin abin tsoro har ƙarshe, kar ka shiga kansa. Nuna shi ta idon wanda ke tsaye kusa da shi, mai yi masa fifita, ko matarsa, ko yaron da ke ɗanɗana masa abinci kafin ya ci. Muna ganinsa kusa-kusa amma ba mu san me zai yi ba, kuma mai kallon nasa yana iya rasa kansa a kowane lokaci, kaga an samu fargaba kyauta.

Amma ko ba ka shiga kansa ba kai marubuci dole ka san me yake so, kuma ya zama abu takamaimai. Mulkin duniya ba buri ba ne da za a iya rubuta labari a kansa, ya yi faɗi da yawa. Me yake nema a wannan watan? Me zai same shi in bai samu ba? In yaran da yake kwashewa saboda an gaya masa ɗaya daga cikinsu ne ajalinsa, to ashe shi ma a tsorace yake, kuma mai tsoro yana gaggawa, yana kuskure, yana zargin na kusa da shi. Daga nan motsinsa zai riƙa fitowa da kansa. Ni shawarar da nake bayarwa ita ce ka ɗauki takarda daban ka rubuta labarin gaba ɗaya a taƙaice daga ɓangarensa, babi bayan babi, me yake yi lokacin da jarumi ke tafiya a daji, me ya sani, me bai sani ba tukuna. Wannan takardar ba za ta shiga littafi ba. Amfaninta shi ne mugu ya daina jiran jarumi. Yawancin rubutun da ke yin sanyi a tsakiya, daga wajen babi na 15 zuwa na 25, in ka bincika za ka tarar bos ya yi ɓarnarsa a farko sannan ya koma ya zauna yana jiran a zo a kashe shi.

In kuma kana sakin labarin ne kaɗan-kaɗan a WhatsApp ko Wattpad, to ka ƙara kula, don wanda ke riƙe da littafi zai iya cinye babi 10 a dare ɗaya, amma mai jiran posting babi 10 wajensa sati biyu ne ko fiye. Ratar da ba ta da yawa a takarda tana zama doguwa sosai a waya. Za ka ga ana ta yi maka magana wai ina bos, kar wannan ya sa ka koma kogo. Ba fuskarsa suke nema ba, so suke su ji labarin bai saki wuyan jarumi ba.

Yanzu ga naka littafin. Ban karanta ba, amma daga yanda ka bayyana shi ga abinda zan yi in ni ne. Zan jera babi 1 zuwa 30 a takarda, gaban kowanne in rubuta abu ɗaya da ya faru saboda sarkin, ko dokarsa ko mutanensa ko tsoronsa. Duk inda na samu babi uku a jere babu komai, nan ne abokinka ya manta da shi, nan zan gyara. Zan zaɓi wakili ɗaya in shigo da shi kafin babi na 5, in bar shi ya yi nasara a kan jarumi aƙalla sau ɗaya, nasara ta gaske. Sannan babi na 31 ya yi nisa a ce nan ne haɗuwar farko, don saura babi tara kacal, ba su isa a ƙulla gaba tsakanin mutum biyu har a warware ta ba. Zan kawo shi sau ɗaya a wajen babi na 12 zuwa 15, gajeriyar fitowa, shafi biyu ko uku, ya karɓe wani abu daga hannun jarumi ya tafi ba tare da ya ɗauke shi a bakin komai ba. Ka ga daga nan jarumi ba labarin mugu yake ji a bakin mutane ba, nasa ciwon yake bi.

Shawarar abokinka na biyu kuwa, ta a bar shi sai babin ƙarshe, tana aiki ne kawai in wanda za a bayyana ɗin mun riga mun san shi da wata fuskar, misali ya zama malamin da ya koya wa jarumi riƙon takobi ne tun farko. In baƙo ne fil wanda ba mu taɓa jin muryarsa ba, ya fito a babi na 40 ya yi jawabin shafi biyar yana bayyana dalilansa sannan a soke shi, mai karatu zai ji kamar an kashe wani ne can da bai sani ba. In ka zaɓi hanyar malamin to koma baya ka dasa alamu uku ko huɗu a babin farko-farko, irin waɗanda ba za a lura da su ba sai an sake karantawa, misali shi kaɗai ne a garin bai taɓa sa wa ɗansa zane ba kuma ba a taɓa zuwa ɗaukar yaron ba.